Sandar da Ta Auna Haladu

Na shiga Jidda da bizar umra a farkon shekarun tamanin. Na yi ɗawafi, na yi sa'ayi, na ƙi komawa gida. Mutumin da ya kawo mu ya tattara fasfo ɗinmu, wai zai nemo mana kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya mana, a yi mana iƙama, takardar izinin zama. Har yau yana nema.

Aikina na farko dako ne a tashar jiragen ruwa. Da katin wani Basudane nake shiga. In an kira Usman sai in amsa, alhali sunana Isiya. Rabin ladan nasa ne. Siminti ya cinye mini fatar kafaɗa. Ran da mai katin ya dawo daga garinsu, aikina ya ƙare.

A tashar na haɗu da Haladu. Badamagare ne, dogo, siriri kamar gora, ya girme ni nesa. Da ya ji harshena ya gane Bakano ne, sai ya ajiye buhunsa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Allah ya kawo mini bawa har ƙasa mai tsarki. Ɗauki wannan, yaro."

Na ce, "Yaushe aka fara bai wa Damagarawa biza? Ko a buhun gero aka shigo da kai?"

Ya yi dariya har da tari. Daga ranar ba mu rabu ba.

Shi ya kai ni unguwar Mahjar, wani ɗaki da aka cusa mu kamar kifi a gwangwani. Ya ba ni rabin katifarsa. Ba na yawan tunanin gida, tunani ba ya cika ciki. Abu ɗaya ne yake kama ni: ƙanshin ƙasa in ruwan farko ya sauka. Jidda ba ta da shi. Gumi ne da warin teku.

Da tasha ta ƙi, muka koma tsayuwa a Bab Makka da sassafe, muna jiran motocin 'yan kwangila. A nan Hajiya Tabawa take sayar da kunu da ƙosai. Haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya zo da ƙafa daga Katsina. Hausarta rabi Larabci ne. In ta ga mutum yana kallon tukunya bai matso ba, ta san aljihu ne.

"Ya waladi, zo ka sha. Fulus ba'aden. Yalla, kada ka faɗi mini a gaban tukunya."

Na sha kunun matar nan da ban biya ba, ya fi ƙarfin lissafi.

Wata safiya wani mai ƙaton gashin baki ya tsayar da mota, ya ce yana son masu haƙa, amma masu hankali. Abu Shanab ake ce masa, shi ne shugaban leburori. Haladu ya nuna ni ya ce, "Ni mai hankali ne, wannan kuma zan riƙa lura da shi." Muka hau.

Wani tsohon gini ya kai mu, a gefen tsohon gari, an kewaye shi da kwanon rufi. Dutsen teku ne, rabin rufin ya zube, tagogin dogaye masu tsini a sama. Mutanen unguwa kanisa suke ce masa, wai a nan Nasaran jiragen ruwa suke ibadarsu a zamanin da. Ko gaskiya ne, ban sani ba. Ba gicciye, ba kujera. Tattabaru ne kawai da kashinsu. Amma a waje rana tana dafa mutum, a ciki sanyi yake kama idon sawu. Ban so wannan sanyin ba.

Za a gyara ginin ne a zuba sabon daɓe. Da aka ɗaga falalen dutsen tsohon daɓen sai aka ga ƙasusuwa. Shi ya sa aka kawo wani Bature dattijo mai binciken tarihi, Duktur muke ce masa. Yana jin Larabci tsinto-tsinto, kamar nawa.

Aikin ba irin wanda na sani ba ne. Ba diga, sai a sama-sama. An ja igiyoyi an raba daɓen gida-gida kamar dara. Cokalin magina aka ba mu, da buroshi, da rariya. Ka wuni a durƙushe kana share ƙasa daga haƙarƙarin mutum. In ƙwarangwal ya fito sarai, Duktur sai ya zauna ya zana shi a takarda, ƙashi bayan ƙashi. Ƙusar akwati ma sai ya zana ta. Maɓallin riga ma haka. Sannan a rubuta lamba da alli a wani ƙaramin allo, a ajiye wajen kai. Sannan a ɗauko sanda.

Sandar ta katako ce, ta fi mutum tsawo kaɗan, an yi mata fenti ja da fari gaɓa-gaɓa, da ƙarfe a gindi. A shimfiɗa ta a gefen mamacin, a ɗauki hoto don a san tsawonsa. In an gama a ɗauke ta a jingina da bango, gobe a auna wani.

Ranar farko da muka ga haka, ni da Haladu muka dubi juna.

A wajenmu, in mutum ya rasu, kara ake yankowa a auna tsawonsa, a kai wa masu haƙa. In an sa shi a kabari sai a karya karan a binne tare da shi. Karan da ya auna gawa ba ya komawa gida. Ba ya auna mutum biyu. Kano haka, Damagaram haka. Ga wannan kuwa ta auna matattu ba iyaka, kullum tana jingine tana jiran na gaba.

"Kada ka taɓa ta," in ji Haladu.

"Kai za ka gaya mini?"

In Duktur ya ce a miƙo ta, sai mu shagala da rariya. Wani Bayamale ne yake ɗaukowa.

Nasaran duk a rigingine suke, hannu a ƙirji, kai yamma. Ana gama zana su ake kwashe su a akwatunan katako, a kai su maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba. Duktur ba ya bari a jefa ƙashi. Da hannu biyu yake ɗauka. Wannan na yaba masa.

Can wajen bangon kudu, ƙasa da sauran, cokalina ya ci karo da wani. Ina sharewa ina ganin kwanciyarsa daban ce. Ba akwati, ba ƙusa. A kan gefen dama yake, kai kudu, ƙafa arewa, fuska gabas tana duban Makka. Ramin matsattse, daidai jikinsa. A bayansa kuma, tun daga kai har diddige, ga wani dogon abu ja-ja ya ruɓe, a karye gida biyu. Reshen dabino ne.

Na ajiye buroshi. Haladu ya leƙo, ya cire hularsa ya mayar.

"Namu ne," ya ce a hankali. "Bai samu kara ba, suka yanko masa dabino."

Duktur ya ce wannan ya riga ginin. Filin baƙi ne a da, bayan ganuwa, aka zo aka yi gini a kai. Ya nuna reshen ya tambaye ni ko na san mene ne. Na gaya masa da ɗan Larabcina da hannuna: awo ne, ana karyawa, ba ya komawa gida. Ya rubuta. Ya ɗaga kai ya dubi tasa sandar a jikin bango, ya daɗe, sannan ya ci gaba da zane.

Hukuma ta ce Musulmi ne, kada a taɓa shi, a bar shi inda yake, in an gama a mayar da ƙasa. Aka lulluɓe shi da buhu. Washegari Duktur ya tafi Riyad kai takardunsa, ya bar mu da Abu Shanab mu ƙarasa tankaɗe.

A ranar abin ya faru. Bayan azahar muka ci gurasa, Haladu ya miƙe a kan tudun ƙasa a gefen ramin Musulmin nan, saboda nan ne ya fi sanyi. Barci ya sace shi. Ni ina waje ina wanke rariya. Dariya na jiyo. Da na shigo, Abu Shanab ya shimfiɗa sandar a gefen Haladu, daga kai har ƙafa. Ya ajiye allo a wajen kansa da sabuwar lamba. Ya haɗa yatsunsa a ido kamar mai ɗaukar hoto. Leburori suna ta ƙyaƙyatawa.

Ba mugunta ya nufa ba. Wasa ne a wurinsa. Su ba su san kara ba.

Haladu ya buɗe ido. Ya dubi sandar. Ya dubi allon. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Ya tashi zaune a hankali ya ce, "Isiya, an auna ni."

"Shirme ne. Tashi mu tafi."

"An auna ni, kuma ta koma bango."

Tun da na san shi, ranar ce ta farko da ya kira ni da sunana bai ce bawa ba.

Washegari bai fito aiki ba. Zazzaɓi. Na sayo masa ƙwayoyi a kantin magani, ba su yi komai ba. Asibiti kuwa ba ta marar iƙama ba ce: ka shiga da ƙafarka, ka fito a motar askar, 'yan sandansu. Ya daina cin abinci. Dogon mutum, ya koma kamar tsinken tsire.

Wata safiya ina shirin fita ya riƙe mini ƙafar wando.

"Kullum ina ganinsa," ya ce.

"Wa?"

"Mai dabinon. Yana kwance ya ba ni baya. Ba ya magana. Matsawa kawai yake yi. Jiya ya matsa kaɗan, yau ya ƙara. Wuri yake ba ni, Isiya."

Na ce zafin jiki ne. Na fita.

Da na isa kanisa na ɗaga buhun na duba. Ramin da na haƙa da hannuna, na san faɗinsa, daidai mutum ɗaya. Yanzu bangonsa na baya ya zubo. Na kwashe ƙasar. Washegari ya sake zubowa, ya fi na jiya. Ƙasar yashi ce, tana zubowa, na sani. Sauran ramukan ma yashi ne. Ba wanda ya zubo sai shi. Kafin Alhamis, bayan mutumin nan akwai filin da wani zai kwanta.

Ban gaya wa Haladu ba. Shi ne ya gaya mini. "Saura kaɗan ya ishe ni," in ji shi. Sannan ya ce, "In ta faru, kada ka bari a ajiye ni a ƙofar masallaci a gudu. Ka faɗi sunana ko da sau ɗaya ne." Haka ake yi wa marasa takarda in sun mutu, don kada a kama mutanen ɗaki. Na taɓa riƙe ƙafar wani an yi masa haka.

Na je wa Abu Shanab na ce ya sayar mini da sandar, ya cire a ladana. Ya tambayi dalili. Na faɗa. Ya yi dariya har gashin bakinsa yana rawa, ya ce camfin baƙaƙe ne, kayan kamfani ne, kuma ranar Asabar za a mayar da ƙasa a zuba siminti, in koma bakin aikina.

Na san ajali na Allah ne. Da malami na tambaya, abin da zai ce ke nan, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ba malami ne yake kwana a rabin katifar Haladu ba.

Ranar Juma'a da safe na je karɓar masa kunu. Hajiya Tabawa ta ce, "Ina dogon? Ya sha na jiya?"

Na ce bai sha ba. Na ba ta labari. Ta tsaya da ludayi a hannu.

"Kakana ya sha faɗar wannan karan," ta ce. "A wajenku yaya ake yi da shi?"

"A karya a binne."

"To me kake yi a gaban tukunyata? Khalas, je ka karya."

"In aka kama ni, Hajiya, tarhil ne. Jirgi sai gida, hannu wofi."

"Aiwa. In ba a kama ka ba kuma, ka riƙe masa ƙafa zuwa ƙofar masallaci. Zaɓi, ya waladi."

Na jira har aka yi kiran farko. Jidda ranar Juma'a da tsakar rana kamar an share ta. Shaguna a rufe, ko kyanwa ba ta tsallaka titi. Maigadin kanisar ya tafi masallaci. Na ɗaga kwanon da ke baya na kutsa.

Ban taɓa shiga wurin ni kaɗai ba. Haske yana saukowa ta inda rufi ya zube, ramuka a buɗe ko'ina, babu kowa a cikinsu. Tattabarun da kullum suke damun mu da kuka, ranar suna jere a kan tagogi, shiru, duk sun juyo suna kallo. Daga nesa ina jin huɗuba a lasifika, ban gane komai ba.

Sandar tana jingine a inda take. Na yi bisimilla na kama ta. Sanyi gare ta kamar an ciro ta daga randa. Na sa a gwiwa, ta ƙi. Na ɗora ta a kan falalen dutse biyu na taka da dukan nauyina. Da ta karye, ƙarar ta zaga ginin ta dawo. Tsagin ya yanke mini tafin hannu.

Na sauka ramin na yaye buhun. Na yi masa sallama. Ban san sunansa ba, na ce, "Baba, baƙo ne, ɗan gida. Ga wannan na kawo, a bar mana Haladu." Na shimfiɗa guntayen biyu a filin da ya buɗe a bayansa, kusa da reshen dabinonsa. Na riƙa jawo ƙasa da hannu ina rufewa.

Ba zan ce na ga wani abu ba. Ban gani ba. Ƙashi bai motsa ba, ba wanda ya amsa sallamata. Abin da na sani, ina cikin tura ƙasar nan busasshiya, wadda ta yi shekaru ba ta ga ruwa ba, sai ƙanshi ya taso mini. Ƙanshin ruwan farko a kan ƙasar gona. Ya cika mini hanci har na rufe ido. Da na buɗe, ya tafi, sai warin kashin tattabara.

Na mayar da buhun na fita. Juma'ar ranar ta wuce ni. Na yi azahar a gefen hanya da jini a hannu.

Da na shiga ɗaki a Mahjar, Haladu yana zaune ya jingina da bango, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Kwanon kunun yana gabansa, ya sha rabi.

"Ina ka shiga, bawan banza? Ubangidanka yana jinya kana yawo."

Na zauna.

"Ya juyo," in ji shi. "Ɗazu da rana. Ya miƙe ƙafafu ya cika wurin. Ya ce ba masauki, in nemi wani gida." Ya dubi hannuna da na ɗaure da tsumma. Bai tambaya ba. Ya turo mini sauran kunun.

Ranar Asabar Duktur ya dawo, motar siminti tana waje. Aka nemi sanda don hoton ƙarshe, babu. Maigadi ya ce da ya dawo daga masallaci ya hango wani baƙi yana fita ta baya. Abu Shanab ya nufo ni kai tsaye.

"Harami! Ɓarawo! Kai ka ce in sayar maka. Yanzu zan kira askar."

Marar iƙama ba shi da baki.

Duktur ya je bakin ramin ya ɗaga buhun. Ya ga ƙasar da aka lallaɓa da hannu a bayan mamacin, ga sawun yatsu. Ya dubi tsumman hannuna. Ya tambayi Bayamalen abin da ya faru da ba ya nan, ina dogon abokina. Bayamalen ya faɗa masa, har da allon. Duktur ya sauke buhun. Sannan ya ce wa Abu Shanab, "Ni na ba shi. Ta tsufa. Khalas."

Ƙarya ya yi, kowa ya sani. Ba wanda ya isa ya ce masa haka.

Ya ce ni zan fara zuba ƙasa. Ya cire hularsa ya tsaya har na gama addu'a. Hoton ƙarshe da tef ɗin magina aka ɗauke shi.

Duktur yana barin Jidda, Abu Shanab ya kore ni, ya riƙe ladan makonnin ƙarshe, nawa da na Haladu. Ban bi ba. Muka koma Bab Makka muna jiran motoci. Bayan 'yan watanni askar suka yi shara a Mahjar, suka haɗa da mu. Gidan tarhil, sannan jirgi. Da leda ɗaya na sauka Kano. Haladu ya sauka da ƙafafunsa.

Ya ƙara shekaru masu yawa. Ya yi noma, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki. Duk wanda zai zo Kano daga Damagaram sai ya aiko shi da saƙon a gaishe masa da bawansa.

Da ciwon ajali ya kama shi, ɗansa ya yi mini waya. Na hau mota. Na isa da hantsi, ya riga ya cika tun da asuba. Ɗan ya ce maganarsa ta ƙarshe da suka gane ita ce, "Ku jira bawana na Kano ya auna ni. Shi ya san aikin."

Na shiga inda aka shimfiɗe shi. Wani maƙwabcinsu tela ya riga ya kawo tef ɗinsa na ɗinki, yana warwarewa, wai a auna a ba shi abinsa, yana da aikin sallah.

Na ce, "Naɗe abinka."

Na zaga bayan gida, na zaro kara mafi tsawo a jikin danga. Na auna shi daga kai har diddige, na kai wa masu haƙa da kaina. Da aka kwantar da shi a gefen dama, na faɗi sunansa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Na karya karan a gwiwata, na sa a bayansa.

Ramin daidai shi kaɗai ne. Na duba.